Kada, Damisa Da 'Yan Nasara: Zolayar Masu Ƙwallo A New Bell Ta Duwala

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a birnin Duwala na ƙasar Kamaru, ko albasa ce daga Marwa, ko shanu daga Ngaundare, ko atamfar da ta biyo ta Mubi ko Banki, ya san cewa ranar Litinin da safe ba a shiga ciniki sosai sai an gama shari'ar ƙwallon da aka buga a ƙarshen mako. Daga Babbar Kasuwa zuwa kasuwar Kongo, daga teburin mai shayi zuwa tukubar mai suya, wanda ƙungiyarsa ta ci shi ke da baki, wanda aka lallasa kuwa sai ya nemi inda zai sa kansa.

Baƙo zai ɗauka hira ce kawai ta marasa aikin yi. Mu da muke zaune a unguwar New Bell, muke kuma karɓar kiran masu sauraro a gidan rediyo, mun san abin ya wuce nan, domin a Duwala kowace tsohuwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana da unguwarta, kowace unguwa kuma tana da mutanenta. Wanda ya zolayi ƙungiya, in bai iya bakinsa ba, sai ya wayi gari ya taɓa ƙabila guda, alhali kuwa a cikin ƙabilar nan akwai mai gidan da yake haya, da direban da ke ɗauko masa kaya, da wanda ke ba shi bashi idan kasuwa ta yi sanyi. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa 'yan'uwanmu na kasuwannin kan iyaka bayanin wannan zolaya, inda ta samo asali, amfaninta, da kuma iyakar da ba a tsallakewa.

Yadda New Bell ta zama unguwar baƙi

Kafin mai karatu ya gane ƙwallon Duwala, sai ya fara gane yadda aka raba garin. 'Yan asalin wurin, wato ƙabilar Duwala, suna zaune ne a bakin kogin Wuri, gida-gida, kuma manyan gidajensu sun haɗa da Bell da Akwa da Deido, kowanne da sarkinsa da yankinsa. A shekarun ƙarshe na mulkin Jamus, Turawan suka ƙudiri aniyar ƙwace filayen bakin ruwa domin su zauna su kaɗai, su tura mutanen Bell can baya cikin fadama, a wani wuri da suka sa wa suna New Bell, wato sabuwar Bell. Sarkin Bell na lokacin, Rudolf Duala Manga Bell, ya ƙi amincewa, Jamusawa suka tuhume shi da cin amana, suka rataye shi ranar 8 ga watan Agusta na 1914. Ba a cika wata biyu ba sojojin Ingila da na Faransa suka karɓe garin daga hannunsu.

Mutanen Bell ba su rungumi sabuwar unguwar ba. Waɗanda suka cika ta baƙi ne da suka zo neman abinci a tashar jiragen ruwa da ta jirgin ƙasa da kasuwanni: Bamileke daga tsaunukan yamma, Basa daga dazuzzukan da ke kusa, mutanen Yawunde, 'yan Najeriya, da kuma fatake Hausawa, waɗanda tun zamanin Jamus suke gangarowa kudu da fatauci. Kowane jinsi ya yanki gefensa, shi ya sa ake da New Bell ta Hausawa, da ta Bamileke, da ta Basa, da unguwar Kongo. Ke nan tun fil azal garin ya kasu biyu, masu gari a bakin ruwa, baƙi a bayansu. Da ƙwallo ta zo, sai ta bi wannan layin ba ta kauce ba.

Kowace unguwa da dabbarta

Gidajen Duwala uku kowanne ya kafa ƙungiyarsa tun zamanin Faransa, kuma kowanne ya zaɓi dabba. Mutanen Bell suka ɗauki Oryx, wato wata babbar barewa mai dogayen ƙahoni da Hausawa ke kira mariri. Mutanen Akwa suka ɗauki kada, ƙungiyarsu ita ce Caïman, ana yi musu kirari da Bana ba Ngando, ma'ana 'ya'yan kada. Mutanen Deido kuwa damisa suka riƙe, ƙungiyarsu Léopard, kirarinsu Bana ba Njo, 'ya'yan damisa. Su kuma Basa suna da Dynamo, wadda cibiyarta ke unguwar Nkongmondo, maƙwabciyarmu.

Waɗannan ba ƙananan ƙungiyoyi ba ne a zamaninsu. Oryx ce ta fara ɗaukar kofin zakarun kulob-kulob na nahiyar Afirka baki ɗaya, inda ta doke Stade Malien ta Bamako da ci 2 da 1 a birnin Akara a farkon 1965, ƙarƙashin kyaftin ɗinta Samuel Mbappé Léppé, wanda aka sa wa filin wasa na Akwa sunansa. Ta kuma ci gasar lig ta Kamaru sau biyar, a 1961 da 1963 da 1964 da 1965 da 1967. Caïman ta ci sau uku, a 1962 da 1968 da 1975. Léopard ta ci a 1972 da 1973, lokacin da wani saurayi mai suna Roger Milla yake zura mata ƙwallaye, kafin ya koma Tonnerre ta Yawunde a 1974. Dynamo ba ta taɓa cin lig ba, amma ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1979 da 1981 da 1998.

Su kuwa baƙin New Bell, a ƙarshen shekarun 1950 suka samu tasu, wato Union Sportive ta Duwala, mai riga kore da fari. Attajiran Bamileke ne ƙashin bayanta, amma saboda a unguwarmu ta tashi, da yawa daga cikin iyayenmu Hausawa ita suka yi wa kara. Ta ci lig a 1969 da 1976 da 1978 da 1990 da 2012. A 1979 ta zama zakaran Afirka, bayan Hearts of Oak ta Gana ta ci ta ɗaya da nema a Akara, ita ma ta rama ɗaya da nema a gida, aka je bugun fenariti ta yi nasara 5 da 3, da Joseph-Antoine Bell a raga. A 1981 ta ƙara da kofin masu riƙe da kofuna na Afirka, inda ta doke Stationery Stores ta Legas a wasan ƙarshe.

Sunan da kunnen Bahaushe ya fi kowa ganewa

Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne kirarin Union. A jaridun faransanci za ka ga ana rubuta Nassara Gamakaï, wani lokaci Kamakaï. Ɗan Duwala ko ɗan Yawunde yana faɗin kalmomin nan ne kamar yadda ya ji su, amma Bahaushe da ya ji ya san gida ya zo. Gama kai dai shi ne haɗin kai, kuma ma'anar sunan Union ke nan. Nasara kuma ita ce abin da kowace ƙungiya ke nema. In kuwa aka ja tsakiyar kalmar, sai ta koma Nasara da muke kiran Bature, wato baƙon da ba ɗan gari ba, wanda shi ma ya dace da ƙungiyar da baƙi suka kafa.

Saboda haka a zangonmu ba a rasa abin zolayar Union, domin da harshenmu aka yi mata kirari, da shi kuma ake warware shi. Ranar da aka ci ta, sai ka ji ana cewa yau ba gama kai aka yi ba, kama kai aka yi, kowa ya fito daga fili hannu biyu a ka. In rigimar shugabanci ta taso a ƙungiyar, abin da ba baƙo ba ne a wurinta, sai a ce ai an canza suna, an koma raba kai. Wani ma sai ya tambayi mai goyon bayanta ko an ga nasarar a hanya, tunda ga shi an dawo gida ba da ita ba.

Su ma 'yan Union ba kurame ba ne. Ɗan Caïman zai sha jin cewa kada ba ya da ƙarfi sai a ruwa, kuma ba a buga ƙwallo a kogin Wuri. Ɗan Léopard za a ce masa tun ranar da Milla ya hau jirgin Yawunde damisa ta bi shi da faratanta, abin da ya rage kyanwa ce. Ɗan Dynamo kuwa tambaya ɗaya ake yi masa, wato a wace shekara ce suka ci lig, sai a yi shiru ana jiran amsa. Har ƙungiyar baya-bayan nan, Les Astres, da ake yi wa laƙabi da 'yan Birazil na Bepanda, ba ta tsira ba, domin ta sha kai wa wasan ƙarshe na kofin ƙasa, kamar a 2007 da 2009 da 2010, tana dawowa hannu rabbana. Sai a ce Birazil ɗin ta riga ce kawai.

Akwai kuma zolayar da ke haɗa kan Duwala gaba ɗaya, wato idan an zo maganar Yawunde. Canon, wadda ake kira Kpa-Kum, ita ce babbar kishiyar Union. Tsakanin 1978 da 1981 su biyun nan suka riƙa karɓa-karɓa da kofunan Afirka: Canon ta zama zakara a 1978, Union a 1979, Canon ta sake a 1980, sannan kofin masu riƙe da kofuna Canon ta ci a 1979, Union a 1981. Dattawan da suka ga wannan zamani har yanzu in suka fara ba da labari sai shayi ya huce. Samari kuma su ce musu, Baba, ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Da arewa ta samu baki

Samarin nan suna da hujja. Daga 1961 zuwa 1978, cikin kakar wasa 18, ƙungiyoyin birnin Duwala sun ci lig sau 13. Daga 1979 zuwa 2025 kuwa sau biyu kacal kofin ya shigo garin, a 1990 da 2012, duka ta hannun Union. Wadda ta fi kowa cin kofin a wannan tsakani ba daga Yawunde ta fito ba, daga Garwa ta fito.

An kafa Coton Sport ta Garwa a 1986 da tallafin kamfanin auduga na Sodecoton. Ta fara cin lig a 1997, kuma zuwa 2023 ta ci sau 18, ciki har da shekara shida a jere daga 2003 zuwa 2008. A 2008 ɗin ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, inda Al Ahly ta Masar ta ci ta biyu da nema a Alƙahira, aka tashi 2 da 2 a Garwa. Wannan ya sauya zaman majalisun zango. Mutumin arewa da a da ake yi wa kallon bai san komai ba sai shanu da albasa, sai ga shi shi ke riƙe da kofi. Mahauta da masu suya da masu gadi da 'yan acaba da suka zo daga Garwa da Marwa da Kuseri suka samu abin faɗa, suna cewa auduga ba ta da nauyi amma ga shi ta danne kada da damisa.

A nan ne gidajenmu suka rabu biyu cikin raha. Uba haifaffen New Bell yana Union saboda unguwa, ɗan da ya yi karatun allo a arewa ko yake zuwa saro kaya can yana Coton, ga kuma ƙanen uba da ke zirga-zirgar Kano yana cewa shi dai sai masu gida, wato Kano Pillars. Ranar da Coton ta zo Duwala, tabarma ɗaya ake zama, kwano ɗaya ake ci, amma kowa da inda zuciyarsa take.

Ku kuma da ke kan iyaka kun san wani nau'in, wato na Najeriya da Kamaru. Sau uku ƙasashen biyu suna haɗuwa a wasan ƙarshe na kofin Afirka, a 1984 a Abijan, da 1988 a Kasabalanka, da 2000 a Legas, duka Kamaru ta ɗauka. Na Legas ɗin har gobe ana musu a kansa, saboda fenaritin Victor Ikpeba da ya bugi ƙarfe ya tsallake layi alƙalin wasa bai ba da ci ba. Najeriya ta rama a 2019 da ci 3 da 2, ta kuma sake fitar da Kamaru da biyu da nema a watan Janairu na 2024. Wanda yake da rumfa a Gamboru ɗan'uwansa yana Fotokol, ya san yadda waya ke ƙara a irin wannan dare.

Wasa ne irin na taubasai

Mu Hausawa bai kamata wannan abu ya zame mana baƙo ba, domin mun gaji wasan barkwanci. Akwai shi tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. A Jamhuriyar Nijar ma har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2014. Hikimar da ke ciki ita ce, mutanen da za su iya faɗa sai aka ba su hanyar da za su faɗa wa juna magana mai zafi a yi dariya a tashi.

Zolayar ƙwallo a Duwala irin wannan aiki take yi. Bahaushe mai sayar da goro da Bamileke mai shagon kayan gini ba su haɗa harshe ba, ba su haɗa addini ba, ba sa cin abinci iri ɗaya. Amma in mai goro ya tsaya a ƙofar shago ya tambaya cikin murmushi yaya aka kwana da ciwon jiya, an buɗe ƙofar da sallama kaɗai ba ta buɗewa. Da yawa daga cikin amanar da ke tsakanin 'yan kasuwarmu da maƙwabtansu a kan irin wannan raha ta ginu. Wanda kuke zolayar juna shekara goma, da wuya ya hana ka kaya bashi.

Sai dai wasan taubasai yana da ƙa'ida, kuma kowa ya san ta ko da ba a rubuta ba. Da wanda kuka saba ake yi. Wanda ya bayar yau, gobe zai karɓa, bai kuma isa ya yi fushi ba. Ba a sa iyaye, ba a sa addini, ba a yi wa mutum a gaban surukansa ko yaran shagonsa. A Duwala kuma akwai ƙari guda da ya fi sauran muhimmanci: a tsaya a kan riga da ƙwallo da alƙalin wasa, kada a gangara kan ƙabila.

Inda wargi ke ƙarewa

Dalili kuwa shi ne maganar ɗan gari da baƙo a wannan birni ba ta mutu ba. A farkon 1996, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, 'yan asalin bakin teku da ake kira Sawa sun yi zanga-zanga a Duwala saboda yadda waɗanda suke ɗauka baƙi suka samu kujerun shugabanci a garin. Ke nan idan ɗan Caïman da ɗan Union suna musu, wani lokaci ba ƙwallo kaɗai ke bakinsu ba, akwai tsohon miki a ƙasa. Bahaushen da ya tsoma baki bai san wannan ba, yana iya taka sawun ɓarawo.

A shirinmu na wasanni muna ganin yadda abin ke juyewa cikin daƙiƙa. Mai kira zai fara da cewa masu tsaron bayan ƙungiya kaza kamar ƙofar kasuwa suke, kowa ya shiga, mu yi dariya tare da shi. Can sai ka ji ya ce ai dama mutanen nan haka halinsu yake. Da ya kai nan muke katse layin, domin ya bar fili ya shiga gidan mutane.

Mun san wani ɗan'uwanmu mai kawo albasa daga arewa da irin wannan ta faɗa masa. Shekara da shekaru yana ajiye buhunansa a sito na wani mai goyon bayan Union, sai ya sayar yake biyan kuɗin ajiya. Wata Litinin bayan Coton ta yi nasara, ya shiga da zolaya kamar yadda suka saba, mai sito yana dariya, har daɗin baki ya kwashe shi ya jefa wata kalma da ta haɗa ƙabilar mutumin da son kuɗi, a gaban ma'aikatansa. Mai sito bai ce uffan ba. Da mota ta gaba ta iso, aka ce masa babu wuri. Wanda ya san ruwan saman Duwala da zafinta ya san abin da kwana uku a waje ke yi wa buhun albasa. Sai da dattawan zango suka taka da ƙafarsu suka ba da haƙuri kafin aka daidaita, amma asarar wannan mota ta riga ta tabbata. Baki shi ke yanka wuya.

Ban da asarar ciniki, akwai kuma doka. A watan Disamba na 2019 Kamaru ta yi wa kundin hukunta laifuffukanta gyara, inda aka tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3 ga duk wanda ya yi kalaman ƙiyayya ko ya tunzura jama'a a kan wasu saboda ƙabilarsu, ta kowace hanya ya yi. Wannan ya haɗa da abin da mutum ya tura a Facebook ko WhatsApp. Baƙon da ya shigo da kaya daga Najeriya ko Nijar ko Cadi, dokar ba ta ware shi ba. Malamanmu ma a wa'azi suna yawan jan kunne a kan izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kamar yadda aka hana a cikin Suratul Hujurat.

Wani abin da ke ɓata zolaya a yanzu shi ne caca. A da wanda aka ci ƙungiyarsa zuciyarsa kaɗai ke ciwo, zuwa la'asar ya warke. Yanzu da shagunan cacar ƙwallo suka cika unguwanni, har cikin wayar hannu, yaron da ka zolaya wataƙila jarinsa ne ya tafi a wasan jiya. Mai irin wannan ciwo ba ya jin wasa.

Mun kuma ga inda zafin goyon baya ya kai wasu. Ranar 9 ga watan Mayu na 2001 a Akara, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, magoya baya suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka yi turereniya a ƙofofi, mutum 126 suka rasu, da yawansu Musulmi 'yan unguwannin zango irin su Nima. A Kano kuma, a 2022, bayan an farfasa motar 'yan wasan Katsina United, an ci tarar Kano Pillars aka kuma rage mata maki, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Waɗanda suka yi jifan suna ganin ƙungiyarsu suke kare wa mutunci, ashe kabarinta suke haƙa.

Shiru ya fi zolaya ciwo

Duk da haka, in aka tambaye mu abin da ya fi damun ƙwallon Duwala a yau, ba za mu ce yawan zolaya ba ne, ƙarancinta ne. Ku shiga gidan kallo a New Bell ranar Asabar, za ku tarar da yara suna neman cinye juna a kan Barcelona da Real Madrid da Chelsea da Arsenal. Ba mu ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin ɗan unguwar nan ne, Samuel Eto'o, ya ja su can. A New Bell ya tashi, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau huɗu, a 2003 da 2004 da 2005 da 2010, kuma shekarun da ya yi a Barcelona daga 2004 zuwa 2009 sun mayar da rabin unguwar 'yan Barca. A watan Disamba na 2021 aka zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru.

Amma zolayar Chelsea da Arsenal ba ta haɗa ka da maƙwabcinka kamar ta gida. Ba ka taɓa taka Landan ba, ba ka san uban kowa a can ba, su ma ba su san kana yi ba. Ita kuwa ta gida, mai tsaron ragar da aka zura wa uku ɗan layinku ne, gobe za ka gan shi wurin mai shayi. Garin yana da filin Réunification na Bepanda da aka gina domin gasar kofin Afirka ta 1972, ga kuma na Japoma mai ɗaukar mutum 50,000 da aka yi gasar Afirka a cikinsa a farkon 2022, amma a yawancin wasannin lig kujeru sun fi mutane yawa.

Ku dubi Oryx. Ƙungiyar da ta fara kawo wa Kamaru kofin Afirka ta daɗe da ɓacewa daga rukuni na ɗaya, kuma yau da wuya ka ji wani yaro a kasuwa yana zolayar mai goyon bayanta. Ba don girmamawa ba ne, don bai san da ita ba ne. Dattawan Bell da muke hira da su, da za a ba su zaɓi, da sun gwammace a riƙa yi musu dariya kowace Litinin da wannan shiru. Ƙungiyar da ake zolaya tana da rai, tana da masu jin zafinta, tana da masu sayen tikiti domin su rama. Wannan ya shafi aljihunmu ma, domin ranar babban wasa mai suya da mai ruwan sanyi da mai riguna da ɗan acaba duk suna samu.

Shawararmu ga ɗan'uwa da zai shigo Duwala da kaya ita ce, ya fara sauraro kafin ya yi magana. Ya san ƙungiyar mai masaukinsa da ta mai sitonsa da ta direbansa. In sun saba, ya zolaye su son ransa a kan ci da rashin ci, ya kuma shirya haɗiye tasa ranar da Coton ko Pillars ta sha kashi. Ya bar ƙabila da addini da iyaye a inda ya same su. In kuma ya samu sarari ranar Lahadi, ya bi 'yan unguwa zuwa fili ya kalli wasa ɗaya, ko ba komai ranar Litinin zai samu abin buɗe ciniki da shi. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.